Azumin da Na Ɓoye a Layin Lilo

Assalamu alaikum. Wata uku kun ji ni shiru, har wasu suna tambaya ko rasuwa aka yi ba a sanar ba. Ina nan. Ni ne dai Malam Audu na Yammedi, mai ba ku labarin mutanen da. Yau nawa zan bayar. Ɗana Sani ke rubutawa kamar kullum, ni ban yi boko ba.

Tun shekarar babban fari, da shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar Gwangwan, ban ga rana irin ta bazarar bana ba.

Washegarin ƙaramar Sallah Sani ya ce zai kai yara Kano, wurin wasan nan mai lilo. Jikata Ummi ta kafe sai da ni. "Angona ba zai kai ni yawon Sallah ba? To na fasa auren."

Na sa 'yar ciki da babbar riga, na naɗa rawani. A bakin ƙofa Hajiya, uwar Sani, ta tsare ni da ido.

"Malam, ba dai ka ɗauka ba?"

Na ce, "Ke dai miƙo min sandata."

Na ɗauka. Sitta Shawwal. Washegarin Sallah nake farawa, haka na ga mahaifina yana yi, kuma azumin nafila ba a shelarsa. Sahur ɗina dabino ne da ruwa kofi ɗaya, sai ƙwayar hawan jini.

Wurin ba bishiya. Siminti ne da ƙarfe, rumfa ɗaya, ita ma mata da jarirai sun cika ta. Muka shiga layi.

Ummi ta miƙo min ruwan leda, na ce na ƙoshi. Sani ya ce, "Baba, ka sha ko kaɗan ne." Na ce na sha a can baya. Ƙarya da azumi a baki. Allah Ya yafe min.

A raina cewa nake, ni da na yi huɗa da azumi, tsayuwa ce za ta kayar da ni?

Da farko gumi ya jiƙa ni har rawani. Bayan azahar ya ɗauke ƙaf, har na ji daɗi, na zaci sauƙi ne. Sai ciwon kai. Sai ƙafa ta riƙe. An ce na kalli Sani na kira shi da sunan ƙanena da ya daɗe da rasuwa.

Daga nan ban sani ba.

Wata mai sayar da zoɓo ce ta juye min ruwan ƙanƙararta duka. Aka tuɓe min riga da rawani a gaban jama'a, a gaban surukata, matar Sani. Ban san sunan matar ba. Allah Ya san ta.

Na farka a asibiti, ana yi min ƙarin ruwa, an sa min robar fitsari. Likitar ba ta kai 'yar autata shekaru ba. Ta ce, "Baba, zafin rana ne ya buge ka. Ƙodarka ta bushe. Ƙwayar da kake sha ma fitar da ruwa take yi."

Na ce yaushe zan koma gida?

Ta ce, "Sai mun ga fitsari."

Kwana huɗu ina kallon ledar da ke rataye a gefen gado. Ɗan abin da ya taru kamar shayi ba madara. Nas ta zo ta duba, ta rubuta, ta tafi. Kullum a ɗebi jini. Ƙafafuna suka kumbura. Sallah a kwance, da taimama. Juyawa ma sai an juya ni.

Aka ce wankin ƙoda. Sau uku aka yi. Ina kwance ina ganin jinina yana fita ta roba, ya zaga cikin inji, ya dawo. Sani ya sayar da gyaɗar da muka ajiye da raguna biyu, bai faɗa min ba sai daga baya.

Ba tsoron mutuwa na ji ba. Tsorona a ce ni da injin nan ne har ƙarshe.

Hajiya ta zauna tana min fifita, ba ta kalle ni ba. Can ta ce, "Shawwal wata guda ne cur. Wa ya ce maka a kwana shida za a naɗe shi?"



Liman ɗinmu da ya zo dubiya ya ƙara min. "Malam Audu, matafiyi ko farilla an yi masa rangwame. Kai ka fi wanda Ya yi rangwamen sanin lada ne?"

A kwana na tara leda ta cika. Ban taɓa zaton zan yi kuka don fitsari ba. Nas ta ce, "Baba, barka!" har na gadon kusa ya taya ta.

Yanzu ina gida. Sai na huta sau biyu kafin in kai masallaci. Duk wata ana duba jinin. Na tambayi likita azumin baɗi, ta ce mu bari lokacin ya zo. Ban san ko zan sake yi ba, kuma wannan ya fi allurar ciwo.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da duk wanda ya yi addu'a.

In za ku kai yara irin wurin nan da bazara, ku je da sassafe ko bayan la'asar. Riga marar nauyi. Ku sha ruwa tun ba ku ji ƙishirwa ba. Wanda gumi ya ɗauke masa, ko ya fara sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a nufi asibiti. Tsohonku kuwa in ya ce ya sha, kada ku yarda sai kun ga maƙogwaronsa ya motsa.

Gobe Alhamis, ranar da na saba tashi da azumi. Da hantsi zan sa a shimfiɗa min tabarma a ƙofar gida, a ajiye min kwanon sha cike. Tsofaffin unguwa za su wuce, zan ɗaga in sha suna gani. Wanda ya tsaya tambaya, in ce masa ya zauna.