Ranar da Na Sa Hannu a Kwanon Surukina

A wajenmu mutum ba ya cin abinci gaban surukinsa. Ko ruwa za ka sha, sai ka juya baya. Ni kuwa na riƙe wannan al'ada da hannu biyu, domin lokacin da na nemi auren matata, mahaifinta ya daɗe bai amince ba. Cewa ya yi yaron da ya yi shekara da shekaru a Faransa, kunyarsa ta riga ta zube a hanya. Maganar ta dawo kunnena, na kuma ƙudurta sai na ƙaryata ta ko da zan mutu da yunwa.

Shekara uku bayan auren, surukin nawa, Alhaji, ya taso daga Maraɗi neman magani, saboda hannunsa na dama da ya fara rawa. Ya sauka Paris wajen abokan kasuwancinsa a Saint-Denis, na je na taho da shi a jirgin ƙasa zuwa gidanmu a Bron, gefen Lyon. Gidan ɗaki biyu ne, tari ma in ka yi kowa ya ji, amma haka muka tsara zamanmu: matata ta kai masa abinci ɗaki ta ja ƙofa, ni in ci nawa a tsaye a madafa kamar ɓarawo. Na lura tun zuwansa take yanka nama ƙanana-ƙanana. Har na tsokane ta, na ce ko yaye za mu yi a gidan. Ta harare ni.

Wata rana aka ba shi lokacin awo a asibiti, aka ce kada ya ci komai kafin ya zo. Matata tana da jarrabawa a jami'a, don haka rakiyar ta faɗo kaina. Ni ma ban karya ba, don wane ni in tauna burodi shi yana zaune da yunwa. Ba mu fito ba sai bayan azahar. Na dubi fuskarsa na ga tsohon nan ba zai kai gida a haka ba.

A unguwar Guillotière ta cikin Lyon akwai wani gidan abinci na mutanen Yaman da nake wucewa ta gabansa. Kullum ƙamshin hayaƙi da nama yana jan hancina, kullum ina leƙen labulen ƙofar ina son sanin abin da ake yi a ciki, amma ban taɓa shiga ba. Dabarata mai sauƙi ce: in zaunar da Alhaji, in sa a kawo masa abinci, in fita waje in jira.

Da shigarmu muka tarar da takalma jibge a bakin ƙofa. Ba tebur, ba kujera, sai darduma da matasai jingine da bango. Fuskar Alhaji ta saki.

“Ikon Allah,” in ji shi. “Ashe cikin garin ga akwai masu zama ƙasa kamar mutane.”

Mai gidan, wani gajeren dattijo mai jan gemu na lalle, ya tarbe mu da sallama. Alhaji ya zazzage masa Larabcin da ya tara a zuwansa Makka, nan da nan suka zama kamar sun daɗe da sanin juna. Ya kai mu wani lungu da aka kewaye da labule, ya shimfiɗa leda a ƙasa. Na miƙe zan sulale, ina cewa da Faransanci ai mutum ɗaya ne zai ci. Ya dafa kafaɗata ya mayar da ni zaune. A gidansa, in ji shi, ba a barin mutum ya ci shi kaɗai. Na dubi Alhaji ko zai cece ni. Yana can yana shafa dardumar yana kimanta saƙarta.

Aka fara kawo romo a ƙananan kofuna da yankan lemun tsami. Sai ga wata baƙar tukunyar dutse, miya na tafasa a ciki ba wuta a ƙarƙashinta, sama kuma wata kumfa mai kore-kore. Salta sunanta. Alhaji ya sunkuya ya shinshina.

“Mi ne ne wanga kumhwa?”

Na tambayo, aka ce hulba ce, ana jiƙa garinta a yi ta bugawa har ta tashi.

“Hulba? Wadda mata ka sha don su yi jiki?” Ya yi dariya har da tari. “To, Allah shi sa kar in koma Maraɗi a kasa gane ni.”

Gurasar kuwa faɗinta ya kai faifai. Sai da ya sa na ɗaga labule ya hango yadda ake manna ta a jikin tanderu, ya ce wannan ai aikin Kano ne, ko su suka koya a wajenmu ko mu muka koya a wajensu. Ni ma tambayoyi cike da bakina: me ya hana dutsen nan hucewa, me ya sa shinkafarsu take ƙamshin hayaƙi mai daɗi. Mai gidan ya ce naman a rami ake rataya shi, shinkafar tana ƙasa tana shan kitsen da ke ɗiga. Ina ji ina haɗiyar yawu, hannuwana a kan gwiwa, idona a kan ledar.

Sai aka dire babban tire guda: shinkafa tsibi, kafaɗar rago a kwance a kai, ba a yanka ba. Ba cokali, ba wuƙa. Mai gidan ya ce bismillah, ya saki labule.

Na juya gefe kamar yadda ya kamata, na zuba wa bango ido. Amma kunne ba ya juyawa. Na ji ƙarar tire, kaf-kaf-kaf, sannan shiru, sannan kuma kaf-kaf. Na saci kallo. Alhaji ya kama naman da hannun dama yana so ya yago, hannun yana karkarwa, kafaɗar ragon tana zamewa, shinkafa tana watsewa a kan leda. Hannunsa na hagu lafiya lau yake a kan cinyarsa, amma mutum irinsa ba zai ci da hagu ba ko da sama za ta faɗo. Ya sake gwadawa. Ya saki. Ya koma yana tsintar shinkafa gaya, rabi na zubewa kafin ta kai baki.

A nan na gane yankan naman matata, kunya ta kama ni, tausayi kuma ya fi ta ƙarfi. Gaba kura, baya sayaki. In na sa hannu a tiren nan, na tabbatar masa da maganarsa ta farko. In na zauna da kunyata, tsoho zai tashi da yunwa ga nama a gabansa.

Na tashi na wanke hannu na dawo. Ban dube shi ba. Na jawo kafaɗar, zafi yana cin yatsuna, na shiga yagar naman ƙanana-ƙanana ina tarawa a gefensa. Na yayyaga gurasar ma daidai loma. Da na gama na janye hannu, ina neman abin gogewa.

“Ina za ka kai shi?” in ji Alhaji.

“Zan wanke ne, Baba.”

“Hannu ya shiga akushi, ya hita bai kai baki ba? Wa ya koya maka wanga?”

Sai ya ɗauki wata tsoka daga cikin waɗanda na tara masa, ya fara turo ta gefena a kan shinkafa. Tafiyar ba ta fi taki ɗaya ba, amma ta daɗe, hannun yana rawa, tsokar tana kaucewa yana dawo da ita. Wannan ban taimaka masa ba. Rabona da wani babba ya turo mini nama tun mahaifina yana da rai, ina yaro. Da ta iso gabana na ɗauka na ci, idona ya cika da ruwa, na ɗora laifin a kan barkonon da suke niƙawa da tumatir.

Muka cinye tiren nan tas, har saltar muka suɗe da gurasa. Aka kawo shayi mai kanumfari, aka zagaya da turaren wuta. A taragon komawa Bron bai yi zancen ba, hirarsa duk a kan tukunyar dutse take, ko za ta jure tafiya a akwati. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, don ban san a wane matsayi na fito daga bayan labulen nan ba.

Da magariba matata ta zuba masa tuwo ta kai ɗaki kamar kullum. Na ɗauki nawa kwanon na tsaya a madafa. Sai ga ta ta dawo, ta bar ƙofar a buɗe, tana dubana da mamaki.

“Me ya faru yau?” ta ce. “Baba ya ce wai ka wanke hannu, yana jiranka.”