Ranar da Yaya Ya Tuhumi Mama

Har yau na tsani littattafan nan na masu binciken laifi, masu hoton mutum da malafa da sigari a baki. Yayana ne ya jawo.

Da ya gama sakandare bai samu aiki ba, sai ya riƙa zuwa kasuwar Taminus yana kwaso tsofaffin littattafan Turawa da ake shimfiɗawa a bakin titi. Jarumin duk iri ɗaya ne: ba ya dariya, ba ya yarda da kowa, in mace ta yi masa murmushi to maƙaryaciya ce. Kafin wata uku Yaya ya koma haka. Ya sayi ƙaton kwat a gwanjo, yana magana ta gefen baki. Ka gaishe shi, sai ya kalli takalminka.

Ana nan sai babbar tukunyar Umma ta ɓata.

Muna da maƙwabciya Kirista, 'yar asalin Filato, mai sayar da kabeji a kasuwar Farin Gada. Mama muke ce mata. Kicin ɗinmu nata ne, nata namu ne. Ita Yaya ya tare a tsakar gida da rana tsaka, riƙe da biro da takarda.

"Mama, ina kike ranar Talata bayan la'asar?"

Ta yi dariya, ta zaci wasa ne.

"Wa ya san inda ake ajiye tukunyar in ba ke ba?"

Dariyar ta ɗauke. Ta ce da irin Hausarta, "Ni ne kake tambaya? Ni ne na goya ka lokacin da mamanka yana asibiti!"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce kowa yana da abin da yake ɓoyewa. Na san ba maganarsa ba ce, daga littafi ya haddace. Ji na yi kamar in kwaɗa masa muciya.

Bayan kwana biyu goggonmu ta dawo da tukunyar. Ashe aro ta yi don taron suna, Umma ta manta. Umma ta je ba da haƙuri tana hawaye. Mama ta saurare ta a bakin ƙofa, ko kujera ba ta ba ta ba. Yaya kuwa ya ƙi zuwa, wai shi aikinsa ya yi.

Kafin damina ta ƙare Mama ta koma wurin 'yarta a wata unguwa. Ba sallama, ƙarar motar kaya kawai muka ji. Umma ta leƙa ta katanga, ta daɗe a tsaye, sannan ta shige ɗaki ta turo ƙofa.