An yi wa Inna odar turmin atamfa

'Yan uwa, ku zo ku ji abin da ya same ni yau!

Kun san shafin nan da nake ɗora hotunan atamfa daga shagona na Tanut. Mutum ya zaɓa, ya biya ta waya, ya rubuta inda za a kai, ni kuma in ba direba a tasha. To da hantsi sai ga komandi, wato oda, ta shigo daga lambar Libiya. Turmi guda, kore. Na duba wurin kaiwa: "Inna Hajara, Ollelewa, gidan da ke bakin rijiya."

Gidanmu ke nan! Kuma Inna ta rasu bara!

Na kira lambar nan take. Wani ya ɗauka ya ce, "Madam, an samu matsala ne?"

Wallahi muryar Yaya Sale ce, wana da ya tafi arewa shekara tara ba labari!

Na ce, "Yaya, Rabi ce fa!"

Sai na ji yana kuka. Ya ce, "Rabi? Shagonki ne? Kunya ta hana ni kira, ban tara komai ba sai bana. Har yanzu Inna tana son kore?"

Na ce, "Tana so."

Ya ce, "Gobe ki kai da kanki, ki ba ta wayar mu gaisa."

Layi ya katse. Ga turmin nan a cinyata. Don Allah, me zan ce masa gobe?