Bakin da Ya Ɗanɗana wa Ramatu Taba

Duk wanda ya ci kasuwar 'Yankara a shekarun da kuɗin man fetur suka fara yawo a ƙasar nan ya san Ramatu mai tabar gari. Daga wata unguwar Maguzawa a bayan Pauwa take fitowa, doguwar mace mai faɗan tsiya, da ƙwaryar taba a ka. Masu dakan taba ba su ƙirguwa tsakanin Ƙanƙara da Faskari har Sabuwa, amma tsofaffi kan tsallake su duka su zo su tsuguna gabanta. Sirrin kuwa kanwa ce. In ta yi yawa ta ƙona leɓe, in ta yi kaɗan taba ta zama garin ganye kawai. Ramatu ba ta da wani ma'auni sai bakinta. Kowane turmi ta daka, sai ta tsakura ta cusa tsakanin leɓe da dasashi, ta yi jim, sannan ta ƙara kanwa ko ta ƙara ganye. Tun tana budurwa haka take yi.

Mijinta Tanimu manomi ne, shiru-shiru, ko goro bai dame shi ba balle taba. Abokansa kan tsokane shi wai ya auri turmin taba amma ko atishawa bai taɓa yi ba. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaure mata kaya a keke.

Wata damina haƙori ya kama Ramatu. Ta yi abin da kowa ke yi a garinsu, ta danƙara wa haƙorin taba, ciwon ya lafa ya dawo, har kunci ya kumbura. Lokacin an shimfiɗa kwalta, motoci sun yawaita, sai Tanimu ya sa ta a mota zuwa wani asibitin gwamnati a Funtuwa. A can suka sami likitan haƙori mai suna Abdulƙarim, matashi mai sanyin magana. Ya cire haƙorin, amma bai sallame ta ba. Ya ja leɓenta na ƙasa, ya miƙa mata madubi, ya nuna mata wani farin tabo a wurin da take ajiye taba.

"Inna, haƙorin nan ƙaramin abu ne," in ji shi. "Wannan tabon shi ne abin tsoro. In kin bar taba yanzu, yana iya gogewa. In kin ci gaba, yana iya zama ciwon da ba ni da maganinsa."

"To in ci mi, ɗan nan? Da bakin ga nike awo."

Bai yi mata faɗa ba, abin da ya sa ta saurare shi ke nan, don Ramatu ba a cin ta da faɗa. Ya ce duk lokacin da ƙwaɗayin ya taso ta tauna kanumfari ko ta sa asuwaki, kuma ta riƙa dawowa yana dubawa. Ta yi masa alkawari za ta bari.

Ta sha wuya, kowa a gidan ma ya sha. Kai ya yi ta sara mata, ta zagi kaji, ta zagi maƙwabta, ta ƙarar da kanumfarin unguwa. Amma ta daure. Duk zuwan da ta yi, likitan kan ba ta madubi ta gani da idonta, har ranar da ta duba ta tarar tabon ya tafi. Ranar ta yi guɗa a cikin asibiti.

Sai dai kasuwa ta fara juya mata baya. Dakan da ba a ɗanɗana ba, yau ya yi zafi gobe ya yi lami. Wani tsoho da ya daɗe yana saye wurinta ya tofar a gabanta ya ce hannunta ya mutu. Ta dawo gida ta zauna gindin rumbu tana hawaye, ita da ba a taɓa ganin kukanta ba.

Tanimu ya zo ya tsuguna kusa da turmin. "Koya mani," ya ce. "Ni in ɗanɗana, in hwaɗa maki."

Ta yi tunani, ta ga babu laifi. A ganinta ita ce tabar ba ta karɓi jininta ba, kamar yadda wake kan ɓata cikin wani ya bar wani. Shi kuwa namiji ne, bakinsa lafiyayye, kuma tsakure ne kawai ya tofar. Ba ta gaya wa likita ba, don ba ta ɗauka magana ce ba. Ranar farko jiri ya kwashe Tanimu har ya dafa bango, suka yi ta dariya su biyu.

Ya iya kuwa. Masu saye suka dawo, har leburorin hanya da direbobi suka ƙaru. Shekaru suka tafi, tsakure ya zama ƙunshi, tofarwa ta zama ajiyewa, Tanimu ya sayi 'yar battarsa yana zuwa da ita gona. Da miki ya fito masa a cikin kunci, sai ya ɓoye, ya koma tauna tuwo da gefe ɗaya. Warin ne ya tona shi, Ramatu ta ja shi zuwa Funtuwa.

Likita Abdulƙarim ya daɗe yana duba bakin, fuskarsa ta canja. Ya tambaya, "Baba, ai da ba ka shan taba. Wa ya koya maka?"

"Wajen leburorin hanya na ɗauka," in ji Tanimu, bai dubi matarsa ba.

Ramatu ta ji ƙaryar nan har cikin ƙashinta. Da ya faɗi gaskiya, da ya fi mata sauƙi. Likitan ya tura su babban asibiti a Zariya, can aka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Suka dawo gida. Ta kife turmin, ta daina zuwa kasuwa, ta koma dama masa kunu tana ɗura masa da ludayi.

Dab da girbi, magana ta gagare shi. Wata safiya ya kama hannunta, ya nuna leɓensa da yatsa. Ta gane abin da yake roƙo, ta girgiza kai. Ya sake nunawa, hawaye na bin kumburarren kuncinsa. Babu sauran abin da za a tsare masa, ita ma ta sani.

Ta tashi ta ɗaga turmin, ta kakkaɓe shi, ta daka ɗan ganye da kanwa. Da ta gama sai ta tsaya da garin a tafin hannu. In kanwa ta yi yawa za ta ci masa mikin, kuma duk gidan babu mai gaya mata. Ta tuna wuyar da ta sha kafin ta rabu da abin nan, ta tuna ta yi wa likita alkawari. Sannan ta tsakura, ta cusa a leɓenta, ta yi jim. Tabar ta yi zafi. Ta ƙara ganye, ta sake ɗanɗanawa, sai da ta tabbata ba za ta ƙona shi ba, sannan ta kai masa.