Zuwana Kudan da Fensir da Salatif

Ni ba mai yawo ba ce, ko kasuwar Ikara sai na yi wata ban leƙa ba. Amma ran Talata, ƙarfe shida saura kwata, ina idar da asuba na ɗaure fensir da salatif a bakin zane na fita.

Autata Rakiya ta samu gurbin bincike a ƙasar waje, ran Alhamis za ta ba da amsa. Mahaifinta ya rasu, izini na hannun wansa, Malam na Kudan. Da ta je ta yi masa bayani sai ya ce, "Ilimin da ba ki iya fahimtar da uwarki ba, bai zauna ba. Ta zo ta faɗa mini da bakinta." Ni kuwa shekara talatin ban taɓa wuce gaisuwa da shi ba, don kunya. Kwana huɗu Rakiya na koya mini a gindin murhu.

Ikara zuwa Makarfi

Mota ba ta cika ba sai bakwai da rabi. Mu huɗu a baya, kwandon kaji a ƙafata. Ina ta bita a hankali, direba ya leƙo ta madubi.

"Mama, wuridi ake yi?"

"Girafin nake bita."

"Maganin mene ne?"

"Baƙin cikin fensir ne, idan aka ɓare shi har ya rage fallen da babu na ƙasa da shi."

"To Allah ya ba da lada, kada dai ki ɓare mini kujera."

A shinge ɗaya muka tsaya, ɗan sanda ya leƙa kajin ya ce mu wuce.

Makarfi

Tara da kwata muka sauka. Na ci ƙosai na ɗari biyu, na sayi mazarƙwaila ta tsaraba. Ina jiran mota na hango mai gonar rake yana ban ruwa: ya tare nan da ƙasa, ruwa ya karkata ya bi gefe. Na ce a raina, ashe abin da yarinyar nan take ta fama in gane ke nan.

Kudan

Sha ɗaya da rabi na cire takalmi a bakin zaure. Muka gaisa doguwa, kaina a ƙasa. Ya ce, "Uwar Rakiya, ina saurare."

Na kwance bakin zane. Na goga fensir a takarda, na manna salatif na ɗaga, na sake mannawa na ɗaga, baƙin na ta raguwa.

"Malam, danginsa ɗaya da gawayin da kuke dafa tawada. Idan ya kai falle ɗaya, sunansa girafin, lantarki na gudu a cikinsa. Su Rakiya kuma suna son ganin inda yake bi. Sai su kawo allura mai tsinin da ido ba ya gani, su haska mata wani haske, terahaz, shi ma ba a ganinsa. Allurar na bin saman fallen kamar mai laluben tsakuwa a shinkafa, na'ura na zana inda lantarki ya wuce da sauƙi da inda ya cije."

"Maganaɗisun da Rakiya ta ambata mini fa?"

"Shi ke karkata shi, kamar mai ban ruwan rake."

"Idan aka ƙara masa ƙarfi, me zai faru?"

Ba mu yi wannan a gindin murhu ba. Na ji kamar in ƙago amsa, na fasa.

"Ban sani ba, Malam. Wani abin ita ma ba ta sani ba, shi za ta je ta gano."

Ya karɓi salatif ɗin ya ɗaga shi a hasken ƙofa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya jawo kwalbar tawadarsa ya ajiye a gabana.

"Ki kai mata. Ta tafi da dangin abin aikinta. Wannan kuma ki bar mini."

Komawa

Biyu na rana na kamo hanya, da la'asar sakaliya na shiga gida. Rakiya na tsaye a tsakar gida da waya a hannu. Na miƙa mata kwalbar na ce, "Aika musu amsar, ya yarda. Sannan ki dama mini kunu, ki zo ki gaya mini abin da ke faruwa idan aka ƙara ƙarfin." Alhamdu lillahi da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma buɗe mini baki.