Tsinken Baba a rumfar takalma

Na miƙa wa mai takalma a kasuwar Birnin Kebbi tsinken tsintsiyar da Baba ya auna ƙafarsa da shi. Likita ne ya ce Baba ya fara motsa jiki, zai riƙa bina wurin ɗaga ƙarfe.

Mutumin ya kwashe da dariya. "Tsinken ne zai yi gudu? Je ka kawo mai ƙafar."

Washegari Baba ya zo daga Argungu. Ya gwada kala uku, ya tattare babbar riga, ya yi sassarfa tsakanin rumfuna, ya tsuguna ya miƙe, 'yan kasuwa na ta tafi.

Ya ce, "Wanga nika so! Yatsuna sun sake, ƙasan kuma bai lotsawa."

Yanzu a wurin ɗaga ƙarfe ni ke haki, shi yana ƙirga mini. Ku ma da tsinke ake awo a gidanku?