Hoton Mama Saratu da Na Ɓoye

Laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara ashirin da wani abu na riƙe hoton da ba nawa ba, na buga sunana a kansa, da mai shi ya aiko yana nema na ce gara ta cinye. Wannan labarin tafiyar da na yi ne don in mayar da shi.

Sunana Lawal. Ina zaune a Mahuta ta ƙasar Dandume, ina noman masara, ina ɗaukar hoton biki da na fasfo. Wanda ya koya mini sana'ar shi ne Baba Bitrus, Kirista, mai shagon hoto a Malumfashi a wancan zamani. Shekara huɗu na yi a hannunsa ina cin tuwon gidansa. Matarsa Mama Saratu ce ke tashe ni sahur in azumi ya kama. Matar mai hoto ce, amma ba ta da hoto ko ɗaya. Da ta ga an ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta shige ɗaki, tana cewa, "Ku ɗauki masu kyau."

Duk daren shiga sabuwar shekara mukan tafi ƙauyensu Baba, can bayan Danja, inda matasa ke wasan wuta bayan an tashi daga majami'a. Baba yana da hanyarsa ta ɗaukar hoton dare. Zai kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ya buɗe idonta ya bar shi a buɗe, ya rufe da baƙar hularsa. In wuta ta tashi sama ya ɗaga hular, in ta mutu ya mayar. Haka wuta huɗu ko biyar za su taru a hoto guda. Duk wanda ke motsi ba ya fitowa a irin wannan hoto, sai abin da ya tsaya cak.

A shekarata ta ƙarshe, da muka wanke fim ɗin, sai ga tsohuwar majami'ar ƙasa, ga wuta ta baje a samanta, ga taurari. A bakin ƙofa kuma ga Mama Saratu riƙe da fitilar ƙwai, ta ɗaga kai tana kallon sama. Mutum sama da ɗari ne a filin, ita kaɗai ta fito, don ita kaɗai ta tsaya ba ta motsa ba.

Da aka yaye ni na saka baƙin fim ɗin, wanda muke kira negetif, a akwatina. Wani dillalin taki a Funtuwa ya nemi hoton kalanda, na wanke masa shi, na yanke ƙasan inda Mama take don a sami wurin rubutu, na sa sunana. Da ta rasu Baba ya aiko a karɓi negetif ɗin, tsoron tonon asiri ya sa na yi ƙaryar gara. Kunya kuma ta hana ni komawa bayan ta'aziyya.

Kwana biyu kafin sabuwar shekara 'yarsa Laraba ta kira ni. Ta ce hawan jinin ido ya cinye wa Baba idon hagu, na dama ma likita ya ce saura kaɗan. "Yaya Lawal, kullum sai ya tambaya ko gara ta bar ko gefe ɗaya." Ta ce ran jajiberi da safe suna asibitin Malumfashi.

Daga Mahuta zuwa Funtuwa

Ran jajiberin, ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, na fito da negetif ɗin a ambulan cikin aljihun gaba, kyamara a jaka, sanda mai ƙafa uku a naɗe cikin buhu. Motar farko ta masu kai hatsi ce. Direban, Ɗanjuma, ya ce, "Mai hoto, yau wace amarya za a yi wa ƙarya a fuska?" Na ce masa yau gaskiya zan ɗauka. Ya yi dariya, bai san da gaske nake ba.

Kafin mu shiga Funtuwa aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya taɓa buhuna ya ji ƙarfe dogo, ya ja da baya.

"Malam, sauko. Mene ne wannan?"

Na kwance, na kafa masa ita a gefen titi. Wata tsohuwa daga cikin mota ta ce, "Yallaɓai, wannan bindigar fuska kawai take harbi." Shi ma ya murmusa, ya ce mu wuce. Ƙarfe bakwai da rabi muka sauka.

Funtuwa

Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, na nufi shagon Alhaji Nura mai wanke hotuna. Ya ɗaga negetif ɗin a hasken ƙofa ya girgiza kai. "Rabona da ganin irin wannan tun kafin in aurar da 'yata ta fari. Ruwan wankinsa ma babu mai sayarwa yanzu." Ya ce dabara ɗaya ce: ya ɗora shi a kan farin haske, ya ɗauke shi da kyamarar zamani, kwamfuta ta juya baƙin ya koma fari.

Babu wuta, janaretansa kuma ya ƙi tashi sai wajen goma da rabi. A nan ma sai na faɗi gaskiya: akwai wani shago a gaba mai wuta, ban je ba. Daɗi na ji da aka jinkirta ni.

Da hoton ya bayyana a allo, Alhaji ya ce, "Kai, ba wannan ba ne na kalandar taki? Ashe akwai mace a ƙasa. In goge ta?"

Na ce, "Kada ka taɓa ta, Alhaji. Ka buga shi babba iya ƙarfin injinka."

Malumfashi

Sha ɗaya da rabi motar Malumfashi ta cika. Muka wuce Bakori, gonakin auduga duk an tsince, sai karan dawa a tsaitsaye. Ɗaya saura muka isa. Na hau Keke Napep zuwa asibiti, aka ce masu ganin likitan ido sun watse tun sha biyu. Wayar Laraba ba ta shiga.

Maimakon in koma tasha, ƙafata ta kai ni tsohon shagonmu. Yanzu cajin waya ake yi a ciki. Ɗakin duhunmu, inda jar fitila ke ci muna jiran fuska ta fito a takarda cikin ruwa, an cika shi da kwalaye. Labulen da Baba ya zana wa jirgin sama da dogayen benaye, wanda manoma ke tsayawa a gabansa da rediyo a hannu, babu shi. Ƙusoshinsa dai suna nan a bango.

Mai shayin da ke gefe, Malam Iro, ya tsufa amma ya gane ni. "Lawandin Bitrus! Ashe kana duniya? Ɗazu suka tsaya nan shi da 'yarsa kafin su koma ƙauye. Da hannu ya laluba kofin." Ya dube ni sama da ƙasa. "Yana yawan zancenka. Kai ko, ka yi ƙiba."

Ban iya shanye shayin ba. Na yi azahar a masallacin layin, na koma tasha.

Danja da ƙauyen Baba

Motar Danja ba ta tashi ba sai uku saura. Muka isa huɗu da rabi, gari cike da kwandunan tumatir da masu sayar da rake. Na sayi mazarƙwaila don na tuna Baba yana son ta. Ɗan acaɓa ya ce in dai ƙauyen nan ne sai mu yi sauri, ba ya kai magariba a hanya. Minti arba'in muka yi a kan burji, muna ratsa fadamu.

Laraba ce ta fara hango ni. "Baba, ga Yaya Lawal!" Yana zaune a kujerar katako a tsakar gida, baƙar hular nan a kansa, ta koɗe ta zama ruwan toka. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama fuskata da hannu biyu.

"Lawandi. Har da gemu? Wa ya ba ka izini?"

Na miƙa masa hoton. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, na samo shi." Kamar dai hoton ɓacewa ya yi. Ko a nan ban iya faɗin gaskiya ba.

Rana ta yi ƙasa, haske ya ragu. Ya ce Laraba ta kawo tocila. Ya kai hoton dab da idon dama, yana bin sa a hankali daga sama, har ya sauko ƙofar majami'a. Nan ya tsaya. Ya daɗe.

"Fuskar ba na ganinta sosai," ya ce. "Amma ga fitilar. Ga yadda take karkatar da wuya. Ita ce." Laraba ta juya mana baya tana share ido da gefen zane.

Suka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin baƙi na yi magariba da isha. Aka kawo tuwon masara miyar kuɓewa busasshiya. Baba ya ce, "Ka zo da ƙafa ukun? To yau akwai aiki."

Daren sabuwar shekara

Tsohuwar majami'ar babu ita, an gina ta bulo a wurin. Wasan wuta mai tashi sama da ƙara ma an daina, saboda kada mutane su zaci harbi ne. Abin da matasa ke yi yanzu, su ɗaura soson ƙarfe a waya, su kunna masa wuta su riƙa juyawa, tartsatsi na watsuwa kamar ana sheƙar hatsi.

Sha biyu saura aka fito daga sujada ana waƙa. Na kafa kyamara. Na ce wa Baba ta zamani ce, ita ke lissafa lokacinta da kanta. Ya ce, "Ita ta san lokacin da yaran nan za su kunna? Buɗe mata ido." Ya cire hularsa ya laluba ya rufe. "Kai ne idona. In sun kunna ka ce ɗaga."

Na ce ɗaga, ya ɗaga. Na ce rufe, ya rufe. Sau huɗu. Hannunsa bai taɓa kyamarar ba ko sau ɗaya. Tsakanin na uku da na huɗu, muna tsaye ba mai motsi, taurari sun cika sama, sai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Na ga kalandar, Lawandi. A kantin magani, shekarar da ta fito."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Akwai duhu kaɗan a kusurwar dama, inda bakin hulata ya makara. Ko a mafarki na san shi. Sunanka bai dame ni ba, ɗana ne ya ci abinci da aikina. Matata da ka yanke ce ta dame ni. Sun kunna ne?"

Na ce, "Ɗaga."

Hoton ya yi kyau. Na nuna masa a ɗan allon kyamara, ya ce ba ya ganin komai sai ja, amma ya yarda da ni. Wannan kalmar ta hana ni barci.

Komawa gida

Na bar ƙauyen takwas na safe, na biyo ta Danja da Funtuwa, na shiga Mahuta ana kiran la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni idon Baba bai rufe ba. Na gode wa Laraba da ta kira ni, da Alhaji Nura da ya fito da Mama yadda take.

Amma kafin in hau babur a safiyar nan, na roƙi Laraba ta tara mutanen gidan, har da jikoki da maƙwabta biyu da suka shigo barka da shekara. Na juya bayan hoton na rubuta da babban baƙi: Bitrus ne ya ɗauka. Na ciro negetif ɗin daga aljihu na sa a tafin hannunsa. Sannan na cire takalmi, na durƙusa a gabansa, na ce:

"Baba, ba samo shi na yi ba. Gara ba ta taɓa shi ba. Ni na ɗauke shi daga shagonku, yana akwatina tun ran da kuka yaye ni. Na sa sunana a aikinku, na yanke Mama da ta ciyar da ni shekara huɗu, na bar ku kuna nemanta lokacin da idonku ke gani garau. Waɗannan shekarun ba ni da yadda zan mayar muku da su. Na yi sata, na yi ƙarya, na kuma yi butulci. Baba, don Allah ku yafe mini."